Zoben Alminiyon Da Ya Raba Ni Da Autata

Hajiya mai shawara, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, bakanike ne. Shekara talatin da huɗu ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ban taɓa kai kukana gaban kowa ba sai yau da abin ya fi ƙarfina. Saura kwana goma sha biyu 'yata ta bar garin nan. Akwai wata muguwar magana da na faɗa mata wadda na kasa janyewa, kuma ina tsoron da ita za ta tafi.

Bari in fara da kunne, don shi ne jarina. A layinmu na masu gyara ba wanda ke kirana da sunan yanka, Mai Kunne ake ce mini. Mota za ta shigo, in ce wa direba ya bar injin yana aiki, in ɗora doguwar sukundireba a jikinsa, in kara kunnena a ƙotarta, in faɗa masa ciwonta kafin a kwance noti ɗaya. Da wannan kunnen na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na biya wa wasu makaranta. Ba yabon kai ba ne, so nake ki san abin da nake shirin rasawa.

Tun zamanin motoci masu kafireto, wato abin nan da ke haɗa mai da iska, maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya nuna mini wata dabara. Ana yanko alminiyo mai kaurin yatsa, a huda tsakiyarsa, a sa shi tsakanin kafireto da bututun da ke kai iska cikin inji. Masu sayar da kayan mota sifesa suke ce masa, mu kuma zobe muke cewa. A waɗancan motocin na ga amfaninsa da idona, mota takan rage gardamar tashi in ta ɗauki zafi, ta kuma ɗan ƙara kuzari. Daga baya na ƙara tawa fasahar, na riƙa sa a yi masa zare a ciki irin na noti, wai don iska ta riƙa juyawa. Zaren nan yakan sa inji ya yi wani siririn fito idan an taka totur. Wallahi Hajiya, duk direban da ya ji fiton nan sai ya washe baki.

Kafireto ya ƙare a duniya, sababbin motoci suka zo, ciki har da masu turbo, wato masu ɗan injin nan da ke tura iska ciki da ƙarfi. Ni dai ban fasa ba. Na sauya wa zoben siffa, na ci gaba da sa shi a bayan bakin totur. Mutum zai zagaya layi sau ɗaya, ya dawo yana rantsuwa motarsa ta zama sabuwa, ni ma in saurari fiton in gyaɗa kai. Ban taɓa aunawa ba. Me zan auna, alhali kunnena ya gaya mini? Motoci masu turbo da ke yawo da zobena yanzu sun haura arba'in.

'Ya'yana biyar, huɗu maza, amma ba wanda ya so warin baƙin mai sai Auta. Tana shekara bakwai ta san sifana goma da sifana sha biyu da ido kawai. Mahaifiyarta ta yi faɗan rigunan makaranta da take ɓatawa har ta gaji ta sallama. Na ba ta sifanata mai lamba goma kyauta, wadda na fara aiki da ita, ta riƙa kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ta yi karatun injiniya, ta gama, ta ƙi aikin ofis, ta dawo garejina shekara biyu da suka wuce da wata na'ura da take jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Da hannuna na haɗa mata tebur kusa da kabad ɗin kayan aiki. Masu mota suna ce mata Injiniya, ni kuwa in ji kaina ya yi girma.

Sau biyu ta yi mini maganar zoben nan, kuma duk biyun daga ni sai ita. Na farko a gida, na biyu a ɗakin ajiyar kaya bayan ta rufe ƙofa. Ta ce ta auna a mota uku, da zobe da kuma babu zobe, ba ta ga bambanci ba. Ta ce a mota mai turbo kwamfutar motar ce ke yanke yawan iskar da za ta shiga, kaurin yatsa ɗaya ba zai sauya mata ra'ayi ba. Ta kuma ce duk mahaɗar da na ƙara, na ƙara wurin da iska za ta iya tserewa ne. Na yi dariya, na ce mata na'urarta ba ta da kunne. Ta koma kan aikinta, ni kuma na ɗauka na ci gardama.

Sai ranar da wani likitan dabbobi ya kawo motarsa. Mutumin kirki ne, kullum yana hanyar gonaki, wata takwas da na sa masa zobe. Ya ce mota ta yi nauyi a hawa, tana shan mai kamar an huda tanki. Na kara kunne, na ji fito ya yi tsawo, na ce masa turbo ne ya gaji, ya shirya sayen sabo. Auta ta jona na'urarta, ta ɗan taka motar ta dawo. A gabansa, a gaban mai walda da ke maƙwabtaka da mu, da wasu direbobi uku da ke zaune a benci, ta ce turbo lafiyarsa ƙalau, iska ce ke zurarewa ta gefen zoben. Ba ta ɗaga murya ba, Baba ma ta fara cewa kafin ta faɗa. Amma ɗaya daga cikin direbobin ya yi 'yar dariya, ni kuma idona ya rufe. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake buɗe inji. Na ce ta kwashe na'urarta ta ba ni wuri. Sannan na faɗi abin da ya sa nake rubuto miki, na ce in ta ƙara taɓa wata mota a garejin nan ban yafe mata ba.

Ta naɗe wayar na'urar a hankali, ta cire rigar aikinta ta rataye a ƙusa, ta wanke hannu ta fita.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya buɗe shago, na toshe bakin bututun iskar motar likitan, na ɗura masa iska kaɗan da injin ba taya iska, na yayyafa ruwan sabulu a mahaɗar. Hajiya, kumfa ta taso a gefen zobena kamar ana wanki. Na tsaya ina kallonta. Na cire zoben, na mayar da komai yadda kamfani ya yi shi, mota ta miƙe garau. Da likitan ya zo sai na kasa gaya masa gaskiya. Na ce masa ɗan datti ne ya toshe wani wuri, na wanke, ba sai ya sayi turbo ba. Shi kuma saboda murna ya bi gari yana cewa Mai Kunne ya gyara abin da ya gagari kwamfuta. Mai walda ya ji, matarsa ta ji, ta kawo wa matata labari a tsakar gida, Auta tana zaune tana guga. Matata ta ce ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ban haƙura ba, na ce wataƙila wannan ɗaya ce aka samu matsala. Na aro motar ƙanena, ita ma mai turbo ce da zobena a ciki. Na tafi wani dogon hawa a bayan gari, na sa agogon waya, daga gindin gada zuwa ƙarfen sabis da ke sama. Sau uku da zobe, sau uku babu. Lokacin ɗaya ne, abin da ya bambanta bai kai ƙiftawar ido ba, wani zubin ma wanda babu zoben ne ya riga. Fiton ne kawai ya ɓace. Na zauna a gefen titi da zoben a hannu, na tuna duk mutanen da na kalli idonsu na ce musu wannan zai ƙara wa motarsu ƙarfi. Ashe sauti nake sayar musu.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Kunnena na hagu ya fara nauyi. Matata tana ƙorafin ina ƙure rediyo, ina cewa rediyon ne ya tsufa. A da, da ka tayar da inji zan raba maka fiton zobe da fiton iskar da ke tserewa. Ranar likitan nan ban iya ba. Idan kunnen ya tafi, me ya rage a jikina da wani zai zo nema?

Yau wata biyu ke nan. Gida ɗaya muke kwana. Kullum da safe takan gaishe ni, ta kawo mini shayi, ta tambayi ciwon bayana, amma kalmar mota ba ta ƙara fita daga bakinta a gabana ba. Ta ɗauki maganata da gaske, ko ta layinmu ba ta bi. Da ma ta yi mini rashin kunya, da na samu abin riƙewa. Rigarta tana nan a ƙusa, sifana goma tana cikin aljihun, na taɓa na ji ta. Yanzu wani kamfanin manyan motoci a gari mai nisa ya ɗauke ta aiki. Daga bakin mahaifiyarta na ji, ita kuma ta ce taurin kai ɗaya gare mu ni da 'yar, ta gaji da shiga tsakani. Sau uku ina buɗe baki in za ta ajiye shayi, abin da ke fitowa shi ne sukari ya yi kaɗan.

Na san halinta. In na ce mata ita ce da gaskiya, abu na farko da za ta tambaya shi ne sauran motocin fa? In na kira su na cire, sunana ya mutu a layin nan, kuma ba ni da shekarun gina wani. In na yi shiru, za ta tafi da wannan kalma a kanta. Abinci ba ya mini daɗi, aiki ma hannu kawai ke yi. Hajiya, ki tambayar mini masana, ko akwai wata mota mai turbo ko da guda ɗaya da zoben nan yake yi wa amfani, in samu abin kamawa? In kuma babu, ki gaya mini yadda uba yake yi ya tsaya gaban 'yar da ya haifa ya ce ya yi ƙarya. Ni dai dabara ta ƙare mini.

Naki cikin damuwa,
Bakaniken da kunnensa ya yaudara

AMSA

Malam bakanike, na karanta takardarka har ƙarshe, sau biyu ma. Ka sakaya sunanka, sannan ka ba ni laƙabinka da maƙwabcinka da likitan dabbobi. Duk wanda ya san layinku ya riga ya gane ka, kuma ina zargin zuciyarka ce ta yi hakan da gangan don ta gaji da ɓoyo. To amma kada ka bari jarida ta ba da haƙuri a madadinka.

Na kai tambayarka wurin mutum biyu, wani malamin koyar da aikin inji da wani tsohon bakanike sa'anka. Bakinsu ya zo ɗaya. Maigidanka bai koya maka ƙarya ba. A mota mai kafireto, mai da iska tun daga sama suke haɗuwa su gangaro tare, don haka ɗan ƙarin fili da ɗan nisa daga zafin inji yana iya taimakawa. A sababbin motoci kuwa, can ƙasa kusa da inda man zai ƙone ake fesa shi, iska tsura ce ke ratsa zobenka, babu abin da za ta gauraya da shi komai juyin da ka sa ta yi. Ga turbo yana turo ta da ƙarfi, ga kwamfuta tana ƙayyade adadi. Sun ce akwai wani irin da ake sawa don rage zafin bututu, wanda a wasu injina na'ura takan nuna ɗan bambanci, amma ba irin naka ba ne, kuma ba abin da ƙafar direba za ta ji ba ne. Abin kamawar da kake nema babu shi. Kai ma ka sani, agogon wayarka ya riga ni faɗa.

Sai dai ka daina kiran kanka maƙaryacin shekara da shekaru. Wanda ya sayar da abin da ya yi imani da shi kuskure ya yi, kuma kuskuren masu gwaninta ne, dabarar da ta yi aiki jiya suka ɗauka za ta yi har abada. Ƙaryarka guda ɗaya ce, wadda ka yi wa likitan dabbobi da safiyar nan. Ita ce mai ciwo, domin da mutuncin 'yarka ka biya ta.

Ban ce Auta ba ta da nata ba. Gyara uba a gaban baƙi abu ne mai ɗaci, da ta ja ka gefe a karo na uku da ya fi. Amma ka tuna sau biyu ta keɓe ka ta gaya maka, ka yi mata dariya, kuma a ranar bawan Allah yana gab da sayen turbon da ba ya bukata. Wa ya koya mata kada ta bari a cuci mai mota? A garejinka ta tashi.

Ka haɗa abu biyu ka ƙulle su wuri guda, shi ya sa ka kasa ɗagawa. Maganar motoci daban, kalmar da ka ɗora wa yarinyar nan daban. Ta biyun ba ta jiran komai. Gobe da safe in ta kawo shayi, ka bar sukari ya huta. Ka ce ta zauna, ka ce ka janye abin da ka faɗa, ka yafe mata duniya da lahira, kuma ita ce da gaskiya. Bai kai minti ɗaya ba. In ka kasa faɗin duka, ka miƙa mata zoben da ka cire daga motar likitan, za ta gane sauran. Amma kalmar yafiyar dole ta fito daga bakinka, domin daga nan waccan ta fito.

Bayan haka ka kira likitan ya zo gareji, ka kira mai walda ya tsaya, ka faɗi abin da kumfar sabulu ta nuna maka. A gaban mutane ka kunyata ta, a gabansu za ka wanke ta. Sauran motocin kuma ba sai ka yi shela ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da masu tafiyar nesa, ka ce ka gano abin da ka sa musu ba ya ƙara komai kuma yana iya yoyon iska, su kawo ka cire ka gwada musu kyauta. Ba zan rufe ka ba, wasu za su yi maka dariya, wasu za su sauya gareji, wani ma zai ce a bar masa fitonsa yana so. Za ka ji zafi. Amma zoben nan zai ci gaba da yoyo ko ka yi magana ko ka yi shiru, kuma wata rana wani bakaniken ne zai buɗe ya gani. Gara su ji daga gare ka.

Kunnen kuma ka kai shi asibiti a duba, ka daina ɗora wa rediyo laifi. Shekara talatin da huɗu ba a kunne kaɗai suke zaune ba. Mutumin da ya san ya toshe bututu ya yayyafa ruwan sabulu, ya hau tudu sau shida don ya ƙaryata kansa, bai ƙare ba. A cikin kwanakin da suka rage ka ce ta koya maka na'urar nan. Za ta yi maka dariya kaɗan, ka haƙura, bashi ka ci.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka nemi ta fasa tafiya. Wataƙila ta zauna, wataƙila ba za ta zauna ba, kuma in ta tafi ba fushi ba ne, aiki ta samu da guminta. Abin da ke hannunka shi ne abin da za ta ɗauka ta tafi da shi. Ranar da motar farko ta dawo, ka sauko da rigar nan daga ƙusa, ka ciro sifana goma ka sa mata a hannu, ka ce ita za ta kwance notin farko. In an gama kada ka bari ta mayar da ita aljihun rigar. Ka ce ta sa a jakar tafiyarta.

Allah ya sassauta maka, ya ba ka ƙarfin buɗe baki gobe da safe, ya kai Auta lafiya da albarkar mahaifinta.